Gwanjon Kwabo

Ranar da aka ba Leota Vandiver lambar yabo ta wasan kwaikwayon shekara, ba abin da ta ji sai takalmin da ke matse mata ƙafa. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, ta koma ɗakin haya ta tarar da mahaifinta Orval yadda ta bar shi, zaune bakin taga, hannuwa a kan gwiwa. Tun da banki ya yi gwanjon gonarsa a Nebraska bakinsa ya mutu. In an ba shi abinci ya ci, in an ce ya kwanta ya kwanta. Ita kuwa ba ta da wani buri sai ya buɗe baki ya yi mata magana, ko da zagi ne.

Wasan nata labarin wannan gwanjo ne. A ƙauyukansu, cikin shekarun nan na fatara, in banki ya zo sayar da kayan manomi sai maƙwabta su cika wurin, su taya alfadari kwabo biyar, garma kwabo uku. Duk baƙon da ya yi niyyar ƙarawa su kafe shi da ido har ya haɗiye maganarsa. In an tashi su mayar wa mai kaya abinsa. Amma ranar da aka zo kan Orval, banki ya taho da 'yan sanda, maƙwabta suka tsaya suna kallon ƙasa, wani ɗan birni ya kwashe komai. Haka Leota ta rubuta, ba ta rage ba. Mutanen New York kuwa, waɗanda ba su san gaban garma da bayanta ba, sai su biya kuɗi su sha kuka, su fita neman wurin cin abinci.

Wata Asabar Leota ta kai mahaifin nata wasan rana, ko Allah zai sa abin ya taɓa shi. Ya zauna bai motsa ba har aka zo wurin gwanjo. Mai fitowa a matsayin dillali ya ɗaga guduma ya ce, "Ga alfadari lafiyayye, wa zai taya?" A nan 'yan wasa kan yi tsit. Sai Orval ya miƙe daga cikin 'yan kallo.

"Kwabo biyar!"

Ya juya yana bin masu kwat da mata masu rigunan gashin dabba da harara, ko akwai mai ƙarawa. Aka fashe da dariya, sannan tafi ya ɓarke. Dillali ya ɗan daburce, ya koma kan abin da ya haddace, ya sallama wa ɗan birni alfadari. Leota na zaune, ko kunya ba ta ji ba.

Bayan an tashi, Mista Lasker mai gidan wasan ya tare su a ƙofa, sigari a baki.

"Ke Leota, ashe kina da irin wannan a gida kika ɓoye? Wallahi tsohon nan ya fi ragwayen da nake ciyarwa. Kullum ya zo ya yi mana haka, zan sa shi a albashi."

Ta ce, "Ba wasa yake yi ba, Mista Lasker."

"To ai shi ya sa ya yi kyau!"

Orval ya dube ta.

"Aiki ne?"

"Aiki ne, Baba."

"In na taya, za a bar wa mutumin alfadarinsa?"

"A'a, Baba. Ba haka aka rubuta ba."

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce."

Orval ya ce, "To." Ya juya ya ba Mista Lasker hannu.

Wasan ya yi ta ci har bazara, jaridu na yabon dabarar tsohon da ke tasowa daga cikin jama'a. Orval bai taɓa makara ba. Da kansa yake goge takalminsa, ya zauna a kujerarsa, ya taya, a sallama wa ɗan birni, ya koma gida bakin taga. Bai sake ce wa Leota uffan ba. In tana son jin muryar ubanta, sai ta je ta tsaya bayan labule ta jira wurin gwanjo.