Randunan Khala Anwara

"Kin sha ruwan gidan su Moyna?" in ji Khala Anwara.

Parul ta mayar da cokali cikin kwanon kunun shinkafa. Ta zo ne ta ciyar da maƙwabciyarta da ake kira Khala, wato inna, tsohuwar da ke koya mata aikin duba lafiya gida-gida, sai ga shi ana titsiye ta. Ciwo ya cinye Khala har awarwaro na zamewa daga hannunta, amma bakin nan yana nan daram.

"Khala, ai da gorata nake yawo. Na auna Moyna, jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura, ga ciki ya tsufa. Ina tsoron mu rasa ta. Na ba ta magani, na ce ta rage gishiri a miya."

"A miya," Khala ta maimaita, ta ja tsaki. "Me na koya muku a gindin mangwaron can? Mutum ba ya ciwo shi kaɗai. Ki dubi murhunsa, ki dubi mutanen gidansa, ki sha abin da yake sha. Tashi ki ba ni wuri, 'yar gora."

Kunya ta kama Parul, haushi kuma ya fi kunyar. Ta bi ta kan datsin da ke tare ruwan teku, ta wuce kududdufan jatan lande har gidan su Moyna, ta roƙi ruwa. Kurɓi ɗaya ta yi ta tofar. Gishiri ne zalla. Tun da guguwa ta turo teku cikin tafkin unguwar shi suke sha, har harshensu ya daina ji. Ruwan daɗi yana da nisa, surukar Moyna na fama da gwiwa, mijin Moyna kuma yana birnin Dhaka yana tuƙa keken haya.

Da ta dawo ta faɗa, Khala ta nuna manyan randunan da ke ƙarƙashin indararo, cike da ruwan saman da ta tara da damina.

"Na Moyna ne har ta haihu. In na tafi, a wanke ni da na tafki."

"Haba Khala."

"Gawa ba ta hawan jini."

Ranar Laraba da hantsi Khala ta cika. 'Yarta, wadda ta iso daga birnin Khulna, ta nufi randa da bokiti tana kuka. Parul ta sha gabanta, ta dafe murfin da hannu biyu.

"Apa, yayata, ki yi haƙuri. Wasiyya ce."

"Uwar tawa za a wanke da ruwan gishiri? Ke a wa?"

Hawaye na zubo wa Parul, amma ba ta ɗaga hannu ba. Can tsohuwa mai wankan gawa ta karɓi bokitin, ta nufi tafki.

Da la'asar, bayan maza sun dawo daga maƙabarta, Parul ta cika tulu daga randar Khala, ta ɗora a ƙugu, ta hau datsi. A bakin ƙofa Moyna ta karɓi kofi, ta kurɓa, ta tsaya.

"Apa, ruwan nan lami ne."

"Shanye," in ji Parul, ta karkata tulun ta ƙara mata.