Ƙwan da Ango Ya Wanke

Kwana tara da aurensu, amarya ta samu mai sayen ƙwan ƙyanƙyasa ta farko, wata malama a gari mai nisa. Guda sha biyu take so, ga shi gidan waya da azahar yake rufewa.

Ta fita neman kwali. Da ta dawo sai ta tarar da ango da kumfar sabulu har gwiwar hannu, ƙwai na ta ƙyalli a faranti.

"Kin ga aikin masoyi?" in ji shi.

Ta dafe kai. "Wayyo maigida! Ai ba a wanke ƙwan ƙyanƙyasa. Ka tuɓe masa rigar da kaza ta sa masa, yanzu kowace cuta sai ta shige."

Murmushinsa ya gudu. Can ya nuna kwando a bayan ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Waɗancan ware su na yi ban wanke ba, sun cika muni."

Ta duba. Sha uku! Dariya ta kama ta har da hawaye.

Ta goge su da busasshen ƙyalle, ta sa wa kowanne kwanan wata da fensir, ta jera su cikin dusar katako, tsinin yana ƙasa. Shi kuma ya zana a kwalin: ƘWAI NE, A BI A HANKALI, NAN NE SAMA. A ƙafa ya kai shi gidan waya, rungume kamar jariri.

Ranar da malama ta turo hoton 'yan tsaki tara, ango ya daɗe yana kallo.

"Munanan nawa ne," ya ce. "Ni na zaɓe su."