Farar Safar Hannu

Delaney ta zo daga Ohio ta Amurka neman gurbin karatun tarihi a jami'armu ta nan Italiya, ni aka sa in yi mata tambayoyi. Na kai ta ɗakin tsofaffin littattafai, na dire mata wani na fata mai shekara ɗari bakwai. Sai yarinyar nan ta zaro farar safar hannu daga jaka.

Na ce, "Tiyata za ki yi masa?"

"Malama Ornella, a wurinmu irin wannan sai dai a leƙa ta gilashi."

"Safa ce ke yaga shafi. Je ki wanke hannu da sabulu."

Ta dawo, ta buɗe. A gefen kowane shafi akwai baƙin tabo mai maiƙo.

Ta ce, "Wuta ce ta lashe shi?"

"Ina! Babban yatsan ɗalibai ne, tun kafin jiragen ruwanmu su san hanyar ƙasarku."

A hankali ta ɗora nata yatsan a kan tabon, ya zauna daram kamar an auna. Ni da ke buɗe littafin nan kullum, sai da tsigar jikina ta tashi.

Ban yi mata tambaya ko ɗaya ba, na ce a ba ta gurbin.