Cokali Uku na Garin Ƙarara

Babanmu Kochappan ya yi shekara arba'in yana hawan kwakwa yana tatsar bammi a ƙauyenmu na jihar Kerala ta Indiya kafin hannunsa na dama ya fara karkarwa. Daga baya ƙafafu suka yi nauyi, fuska ta daskare. Likitan asibiti ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu, ya ba shi ƙwayoyi. Muka haɗa da Nanu Vaidyar, tsohon mai maganin gargajiya, wanda kullum yake zuwa ya murza masa man riɗi mai ɗumi. Shi ya ba mu garin 'ya'yan ƙarara, ya ce rabin cokali a madara, kada a ƙara, don aikinsu ɗaya da ƙwayar asibiti.

Yayana Sasi ba shi da haƙuri. Ganin Baba ya fara riƙe kofin shayi da kansa, sai ya riƙa zuba cokali uku a ɓoye.

Rana ta tara da fara hakan, da hantsi, ina kankare kwakwa a tsakar gida, Baba ya fito da saurin da rabonsa da shi shekara biyu, wuƙar bammi a hannu. Wai ga ɓarayi can cikin ayaba. Babu kowa sai Sasi yana ɗaure akuya.

"Baba, ni ne fa," in ji Sasi.

Baba ya kai masa sara. Sasi ya kare da hannu, yatsu biyu suka faɗi ƙasa. Sara na biyu ya tsaga masa kafaɗa. Na rungumo Baba ta baya, ya maka ni da bango har haƙorina ya fita. Daidai nan Vaidyar ya shigo da tulun mai. Ya rotsa tulun a wuyan hannun Baba, wuƙar ta faɗi, muka danne shi cikin mai da jini muka ɗaure shi da igiyar akuyar.

A asibiti Sasi ya faɗi gaskiyar cokali ukun. Vaidyar ya dube shi ya ce, "Kai dai jaki ne, ɗan nan. Da yawan maganin ne zai warkar, ai da na dafa masa tukunya guda."

Da hankalin Baba ya dawo, bai tuna komai ba. Ya tambayi Sasi me ya sami hannunsa. Sasi ya ce injin murza igiya ne, Baba ya yi masa faɗan rashin kula.