Kwafi Arba'in na Dakta

Dakta maƙaryaci ne, kuma abin da ya yi wa ƙaryar shi ne abin da ya fi girmamawa a duniya: kasuwa.

Shekara ashirin da biyu yana da shafi a jarida duk ranar Laraba. Karatunsa ɗaya ne: gwamnati ta cire hannunta, mai saye da mai sayarwa su daidaita. In aka ƙayyade farashi, kaya su ɓuya. In aka ba da tallafi, rago ya yi ƙiba. Ban ce duk shirme ba ne. Ni da ban yi boko mai nisa ba na ƙaru da shi. Kullum cewa yake, mutum na ƙarya, ciniki ba ya ƙarya.

Sai ya tattara rubuce-rubucensa ya buga littafi. Aka kai kwafi arba'in kantin littattafai na bakin titi. Wata uku, ko ɗaya bai motsa ba. Editan jaridar ya fara tambaya ko har yanzu akwai mai karanta Dakta.

Dakta ya kira ƙanin matarsa, Dogo, mai gyaran babur.

"Ungo. Je ka sayo goma. Kada ka ce ni na aike ka."

"Yaya Dakta, ashe kasuwar ma sai an tura ta, kamar tsohuwar mota?"

"Rufe mini baki, ɗan banza."

Duk mako haka. Dogo ya sayo, ya jibge a ɗakin ajiya bayan tankin ruwa, inda Dakta ba ya leƙawa don kunya. Wata rana Dogo yana jiran a buɗe kanti, ya karanta babi na huɗu, mai cewa duk inda abu yake da araha a nan da tsada a can, mai hankali ya shiga tsakani.

Dogo ya shiga tsakani. Ya riƙa kwasar littattafan daga bayan tanki yana sayar wa mai kanti a rabin kuɗi, washegari ya sake sayo su da kuɗin Dakta. Mai kanti ya ji daɗi, Dogo ya sauya takalmi.

Bayan wata goma Dakta ya rubuta cewa kasuwa ta yanke hukunci, an sayar da kwafi ɗari huɗu. Edita ya yi murna, ya buga wa maɗaba'a waya don su yi talla tare. Suka ce arba'in kawai suka taɓa fitarwa.

Dakta ya tsare Dogo a tsakar gida yana huci.

"Ka ci amanata!"

"Haba Yaya. Ba wanda aka tilasta wa. Ni kaɗai ne ma na karanta littafin nan, ka gode mini."

Matar Dakta na shanya, ko juyowa ba ta yi ba. "Ku yi a hankali, kada gwamnati ta sa baki."

Laraba ta gaba edita ya karɓe shafin, ya ba masu tallan katifa.