Inuwar Tankin Asibiti

…ashirin da uku da rabi. Wannan kam bai taɓa gudu ya bar ni ba. Digiri ashirin da uku da rabi rana ke karkata, ta yi arewa rabin shekara, ta komo kudu. Shekara talatin ina rubuta shi a allo, alli har cikin gemu. To a Disamba, in za a auna inuwa — ƙara shi ake yi a kan digirin garinmu ko ragewa?

Ƙarawa mana. Rana ta yi kudu, ta yi ƙasa-ƙasa, inuwa ta miƙe. Ga sandar da na kafa a tsakar gida tana nuna min.

To me ya sa na rage, Auta?

Ga kwafin lissafin a littafina, rubutun hannuna ne. Na rage. Mita biyu, na ce miki.

Ke ce injiniya, ni tsohon malaminki ne kawai, kuma ubanki. Kin shimfiɗa zanen rufin asibitin a kan tabarmar nan: ga tankin ruwa ta kudu, ga farantan sola a bayansa. “Baba, ina inuwar tankin za ta tsaya a ranar da ta fi gajarta?” Kwamfutarki ta ce mita huɗu. Na ce biyu. Rufin ƙarami ne, da biyu farantan duk za su shiga. Kika yi dariya, “Ai ita ma ɗalibanka suka koya mata.” Kika naɗe takardata kika tafi.

Huɗu ne, 'yata. Inuwa za ta hau layin farko, kuma faranti ɗaya in ya shiga inuwa, sauran 'yan layinsa ya ja su ƙasa. Firij ɗin allurar jarirai… da na jini. A Disamba za su yi ɗumi, ba wanda zai san dalili, za a ce aikin 'yar malam ne.

Zafi. Wa ya fito da ni rana? Kina shekara biyar, kin tsuguna gindin sandar nan da gawayi kina bin bakin inuwa, uwarki daga kicin, “Malam, soya min 'ya za ka yi?” Allah ya ji ƙanta. Ita da ta ga wannan takardar — a'a, ba ta iya lissafi ba, fuskata take karantawa.

Mai walda yau zai hau rufin, kika ce. Alhamis. In ya kama ƙarfen da wuta, shi ke nan. Yau Alhamis ce?

Waya. Tana aljihu, ga ta. Danna ɗaya ne. In ce, Auta, na rage inda ake ƙarawa — abin da nake jan layi da jan biro a takardun 'yan aji ɗaya. Za ki saurare ni. Sannan ki ce “Ba komai, Baba,” da muryar nan mai taushi, irin ta ranar da na kira ki da sunan uwarki. Ba za ki yi faɗa ba. Ba dai za ki sake kawo min zane ba.

To kar ki kawo. Jariran mutane ne.

Bari in rubuta daidai tukuna, kar in rikice a waya. Sabon shafi… an riga an rubuta a nan. “Ƙarawa ne. Mita huɗu. Kira Auta.” Litinin. A ƙasa kuma, kalma da kalma, Talata. Laraba. Duk hannuna ne.

Sau uku na gano ke nan. Sau uku ina zaune nan da waya a hannu.

Na kira? In na kira, ai da na ja layi a kai, haka nake yi tun ina saurayi. Ko kuwa na kira, kin ce ba komai, Baba, har sau uku…

Inuwar sandar ta wuce alamar da na yi mata. Yaushe ta wuce?