Giyar Shekarar Girgiza

Shekara talatin da ɗaya ina saye da sayar da tsohuwar giyar inabi a San Juan, kuma abin da na tara bai wuce suna ba. Ba ni da gona, motata ta girmi wasu abokan cinikina. Amma in magada suka yi faɗa a kan kwalaben mamaci, ni Evaristo Brizuela ake kira in yanke kuɗi, kowa ya yi shiru. Dalilin ɗaya ne, ban taɓa ɓoye aibin kwalba ba. Matata Nélida takan ce gaskiyata ce ta hana mu gyara rufin kicin. Ni kuwa sunan nan nake taƙama da shi, har ya yi yawa.

Wata Talata Doña Herminia Agüero ta aiko in je Caucete. Mijinta Don Lisandro ya rasu bara, tana so ta sayar da abin da ya bari ta koma wurin 'yarta a Córdoba. Na isa da rana tsaka, gari ya yi tsit kowa na barcin rana. Na same ta a ƙarƙashin rumfar inabi, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Ta miƙo min mate, shayin ganyen nan namu, na sha, ta ɗauki kyandir muka sauka ɗakin ƙasa.

A sana'armu ba a buɗe kwalba don a san darajarta. Kyandir ake sawa a bayanta a ga inda giyar ta tsaya. In tana wuya, kuɗi ne. In ta sauko kafaɗa, kuɗin ya ragu. Na ɗauki ta farko na haska, babu komai a ciki. Na duba bakin, toshiyar tana nan daram, ba a taɓa ta ba. Na ɗauki ta biyu, haka. Bango guda ne cike da su, sun kai ɗari huɗu, duk a rufe, duk wayam.

“Toshiyar ce ba ta da kyau, Doña,” na ce. “Iskar nan tamu ta bushe da yawa.”

“Haka Lisandro ma ya ce, shekara biyun farko. Zo ka ga na sayarwan.”

Kwalabe goma sha ɗaya ne a can ƙarshe. Goma cike har wuya, ɗaya ta yi rabi. An rubuta shekarar da farin fenti, saba'in da bakwai. Shekarar da ƙasa ta girgiza ta kwantar da Caucete. Giyar wannan shekarar daga wannan garin, akwai masu kuɗin da za su yi dambe a kanta. Na ce kowace cikakkiya dala ɗari biyu, kuma ban cuce ta ba.

“Ashirin,” ta ce.

“Doña, ni ne mai saye. Ke ce ya kamata ki ja sama.”

“An ce min kai ba ka ɓoye aibi. To ni ma ba zan ɓoye maka ba. Zauna, ɗana.”

Na zauna a kan matakala. Ta ce Lisandro yana da ƙane, Casimiro. Safiyar girgizar yana nan ƙasa yana duba ganga, gidan ya rufta a kansa. Kwana uku suna jin muryarsa ta cikin tarkace, ba ya kiran kowa, ruwa kawai yake roƙo. Da suka isa gare shi ya riga ya mutu, ba karaya ko ɗaya a jikinsa, hannunsa na kan gangar da katako ya danne mata baki. Ganga biyu ne suka tsira. Lisandro ya ɗura su a kwalabe, tun daga nan kowane wata kwalba ɗaya take ƙafewa.

“Casimiro ne yake sha. Ba ya shan wata giyar, mun gwada. Mun yi kyauta da su, a gidan mutane ba sa raguwa, nan ya zauna yana jira sai da muka karɓo su. Sayarwa ce kawai ba mu gwada ba, Lisandro ya ce ba zai sayar da ƙanensa ba. Ni ba ƙanena ba ne.” Ta gyara kyandir. “Abu ɗaya, kada ka hana shi. Lisandro ya ga sun kusa ƙarewa ya hana shi. Da muka sa Lisandro a akwati, ya bushe har mutum biyu kawai ne suka ɗauke shi.”

Kaɗaici yana sa tsofaffi faɗin abubuwa, na sha gani. Na yi ta ja da ita kamar mahaukaci, ina ƙara kuɗi tana ragewa, har muka tsaya a hamsin. Na tafi raina ba daɗi, ina ganin na ci da gumin tsohuwar da hankalinta ya fara tafiya.

Na jera su a ɗakin bayan shago, wanda ke manne da gidanmu. Bayan sati biyu mai rabin nan ta ƙafe ƙaf. Ta kusa da ita ta sauko kafaɗa. Na shafa bakin, na shinshina katakon, babu ɗigo, babu wari. Sai na yi abin da duk wanda ya san aikin zai yi in kwalba tana yoyo: na narka kaki, na tsoma bakunansu ɗaya bayan ɗaya. Ban ma tuna da maganar tsohuwar ba. Hannuna ne ya yi aikinsa kamar kullum.

Giyar ta daina raguwa. Washegari kwanon ruwan karenmu ya bushe sau uku kafin azahar. Tukunyar furen da ke bakin ƙofa ta tsage. Kwana biyu bayan nan na shiga kicin na ga Nélida a tsaye gaban famfo tana sha da tafin hannu, alhali ga kofuna a gabanta.

“Tsoho, me ka sa a miyar jiya? Gishirin Caucete ka kwaso gaba ɗaya?”

Ta yi dariya, leɓenta ya fashe. Cikin sati ɗaya zoben aurenta ya fara zamewa. Likita ya auna sukari, ya auna ƙoda, ya ce lafiyarta ƙalau, ta riƙa shan ruwa. Tana shan lita shida a rana. In ta yi magana ina jin harshenta yana manne wa dasashi. Wata rana da hantsi tana zaune tana kallon bango, sai ta ce, “Ruwa,” da wata murya mai kauri wadda ban san ta da ita ba. Na kira sunanta, ta juyo tana tambayata me ya faru.

Da wuƙar yanka burodi na kankare kakin. Kafin yamma wata cikakkiya ta sauko yatsa uku. Nélida ta ɗan samu sauƙi, amma ba ta rabu da kofi ba. Casimiro kuma ya daina jiran wata ya cika, kwalba ɗaya yake shanyewa duk sati. Na kira Córdoba.

“Na gaya maka komai, ɗana,” Doña Herminia ta ce. “Ni yanzu ina samun barci. Ka gai da matarka.”

Na nemi masu saye, na kuma faɗi gaskiya, wannan dai a rubuta min. Na farko wani likitan haƙori ne, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in giyar ta lalace in faɗa kawai, ba sai na haɗa da tatsuniya ba. Na biyu ta yi alamar gicciye ta fita ba sallama. Na rage kuɗin zuwa dala biyar, sai mutane suka ƙara gudu. Saura shida cikakku da ɗaya da aka fara sha.

Ranar Asabar da safe Gastón Carrizo ya shigo. Babansa abokin cinikina ne shekara ashirin. Gastón kuma ya buɗe ɗan gidan abinci a Rivadavia, suna zaune a saman benen da matarsa da tagwayensu.

“Don Evaristo, an ce kana ɓoye da 'yan saba'in da bakwai. Haba, ni za ka yi wa rowa?”

Na fito da su. Ya haska su da fitilar waya, duk shidan cike har wuya, don wadda aka fara sha na ture ta gefe. Ta ƙofar da ke tsakanin shago da gida ina jin famfon kicin yana zuba.

“Nawa?”

Na san in na ce biyar zai tambayi dalili. Na ce ɗari biyu da hamsin kowace.

Ko gezau bai yi ba. “Baba ya ce in kai ka faɗi kuɗi, kada in kunyata kaina da ciniki.” Ya biya, ya shiga naɗe su da jarida yana ba ni labarin tagwayen, ɗaya ta fara tafiya ɗayar ta ƙi. Zai ajiye kwalaben a sama, wai, kusa da ɗakin kwana, don ma'aikata suna da dogon hannu. A bakin ƙofa ya tsaya da kwalin a ƙirji.

“Akwai wani aibi da zan sani?”

Maganar ta zo min har baki. Shekara talatin da ɗaya tana fita da kanta ba sai na tura ta ba. Famfon yana ta zuba.

“Babu,” na ce. “Ka kwantar da su wuri mai sanyi.”

Ragowar da aka fara sha na cusa masa a kwalin na ce gyara ce. Har godiya ya yi.

Motarsa na shan kwana famfon ya yi shiru. Na samu Nélida zaune a teburin kicin, kofi a gabanta. Ta ji komai, ƙofar ba ta da kauri.

“Ka gaya masa?”

“Na gaya masa kuɗin.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ture kofin gefe da rabin ruwa a ciki, ta ce yunwa take ji. Na tashi na ɗora tukunya. Ina so in ce kunya ce ta kama ni a lokacin, ko tunanin 'yan tagwayen nan. Murna na ji, tsantsarta, har ina fito ina yanka albasa.